Wa ya taɓa haɗa jitar lantarki da tsohon katako? A zo a ba mu labari

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai tsohuwar ƙofar maɗaci a gidan kakanmu, an cire ta an sa ta ƙarfe, tun ba a haife ni ba take wurin. So nake in yanka ta in yi fuskar jitar lantarki da ita, shimfiɗaɗɗiya irin jitar Telecaster ta kamfanin Fender, gangar jikin kuma in sa katakon ayus saboda ba shi da nauyi. Dan Allah wanda ya taɓa yi ko aka yi a gabansa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Kafinta, Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka bari kowa ya taɓa ƙofar nan wallahi, ka samu abu mai kyau. Na yi wa wani yaron da ke kiɗa a bukukuwa fuska da tsohon teburin makaranta, kuma abin da ya sa na fi son tsohon katako shi ne ya riga ya sha hunturunmu shekara da shekaru, duk motsin da zai yi ya gama. Sabon da ake kawowa daga kudu ta jirgin ƙasa zuwa Gaundare, a loda shi a mota zuwa nan, da ruwan daji a jikinsa yake isowa, ka haɗa shi a watan Agusta ya yi kyau, Janairu na zuwa sai ka ga ya tsage ko gam ya saki. Don haka ayus ɗin da ka ce ma shi ne abin tsoro ba ƙofar ba, ka nemi wanda ya daɗe a ajiye.

Kafin zarto ya taɓa ƙofar ka ciro maganaɗisun tsohuwar sifika ka bi ta da shi lungu lungu, domin akwai ƙusoshin da kansu ya karye suka nutse ciki ido ba ya gani, guda ɗaya ta isa ta lalata haƙorin injin mutane. Sannan ka ƙwanƙwasa ko'ina, inda ka ji ƙarar rami to gara ta ci ciki, in kuma ka ga ƙananan huda da gari mai laushi na zubowa, ƙwaron yana raye, yanke wurin ka yar. Fuskar ba ta son kauri, milimita 6 zuwa 7 ya isa. Ka tsaga allo ɗaya biyu ka buɗe shi kamar littafi, zanen katakon dama da hagu sai ya zo iri ɗaya, nan kyan yake.

Mai kamun kifi a da, Kusiri:
Ni da gefen tsohon kwalekwalen babana na yi tawa, wanda ya yi aiki a kogin Logon har ya gaji. Iroko ne. Na jingine shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin allunan ya wuce hunturu guda kafin in taɓa, kar a sa a rana. Ramukan ƙusa da tsatsa ta yi wa baƙin zobe ban ɓoye su ba, garin katakon na kwaɓa da gam mai haɗi biyu na cike, na goge da sanfefa, yanzu duk wanda ya ɗauki jitar wurin yake fara shafawa. Amma iroko yana da maiƙo, sai ka goge fuskar da asiton kafin ka shafa gam, in ba haka ba ba ya kamawa sosai. Abin matsewa kuma ba mu da shi da yawa, robar tayar babur na yanka na naɗe ko'ina tam na ɗora buhun siminti a kai ya kwana.

Makaɗi, Njamena:
Malam ka ji shawara, kar ka ce za ka sassaƙa wuya da kanka a karon farko. Tawa wuyan wata jitar Sin da gangarta ta fashe na saya a kasuwa, da ƙarafansa da ke jere inda ake danna tsirkiya da sandar ƙarfen nan ta cikin wuya da ake ɗaurewa. Tsirkiyoyi shida suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 45 ko kusa, wuyan da ba sanda a ciki lanƙwashewa zai yi. Sai awo, nan ne mutane suke ɓata aikinsu. Irin Fender tsawon tsirkiya milimita 648 ne, na kamfanin Gibson wajen 628, ka auna daga bakin wuya na sama, inda tsirkiyoyi ke fara hawa, zuwa ƙarfe na 12, ka ninka biyu, nan jakin da ke ɗauke da tsirkiyoyi zai zauna. Ya goce kaɗan, to duk yadda ka saita ta da ka hau sama sauti zai karkace.

Maganar cewa tsohon katako ya fi daɗin sauti kuma ni ban yarda sosai ba, a jitar lantarki mikiro, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da amfili mai ƙara sautin su ne masu magana.

Mai gyaran rediyo, Gaundare:
An kawo min guda biyu irin wannan in haɗa musu waya, duka kukan "zzzz" suke saboda ba a rufe ramin kayan wuta ba. Mikiro mai naɗin waya ɗaya yana jawo ƙugin wutarmu ta 50 Hz, balle a wurin biki da janareta da fitilu. Ka liƙa takardar alminiyam a cikin ramin duka har murfin, ka haɗa ta da wayar ƙasa, kuma tun kafin ka manna fuskar ka huda hanyar da waya za ta bi zuwa ramin da ake jona wayar amfili, bayan an manna wahala ce. In kana da hali ka sa mai naɗi biyu irin wanda Gibson suka fara sawa a 1957, shi yana kashe ƙugin da kansa. Maɓallin ƙara sauti ka sayi mai lamba 250k ga mai naɗi ɗaya, 500k ga mai biyu.

Uwargidan kafinta, Garwa:
Ƙanena dan Allah in akwai tsohon fenti a ƙofar kar ka goge shi a cikin gida inda yara suke, irin na da wani yana da dalma a ciki. Maigidana a waje yake yi da ƙyalle a hanci, ƙurar iroko ma tana sa shi atishawa da ƙaiƙayi.

Kafinta, Marwa:
Gaskiyarki Hajiya. Malam na Njamena, ban musa maka ba mikiro ne babba, amma ni da na riƙe su ba a jona ba na ji bambanci a yadda tsirkiya ke daɗewa tana amo, busasshen katako da aka manna da kyau ba ya shanye ta da wuri. Ai Brian May, shahararren makaɗin jita na Ingila, ma shi da mahaifinsa suka ƙera tasa a farkon shekarun 1960, wuyan daga katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, da ita ya yi ta kiɗa a duniya.

Ƙanena, shafe na ƙarshe kar ka sa man gyaɗa, ba ya bushewa, ƙura kawai zai riƙa kamawa. Ka nemi man lin, wato man shafa katako mai bushewa, a shagon kayan gini, ka shafa kaɗan kaɗan, ka goge rarar da tsumma, ka bari ya bushe kafin ka ƙara, maɗacin zai fito da jansa. Tsumman kuma kar ka dunƙule shi ka jefa cikin garin katako, yana iya kamawa da wuta da kansa, ka shanya shi a waje ko ka tsoma a ruwa.