Hazo ya hana jirgi tashi, kwarashi ya ɗebe min kewa: ku ma ku ba mu labarinku

Maman Ilham, Gwammaja

Salamu alaikum jama'a. Jiya sai bayan magariba na dawo gida da akwatina yadda na fita da shi da asuba. Abuja za ni sunan jikar yayata, jirgin ƙarfe tara. Tun a titin Katsina jikina ya ba ni, don rana ta fito fara fat kamar wata, kana kallonta ido ko gezau. Aka ce sha ɗaya. Aka ce ƙarfe biyu. Sai bayan la'asar aka ce an soke, ashe jirgin da zai ɗauke mu ko tasowa daga Legas bai yi ba.

Allah ya taimake ni da kwarashi da ƙullin zaren ulu a jaka, hular jaririyar ce na fara na ce sai na je can in ƙarasa. Kafin azahar hula ta kammala, na kama safa. Matar da ke gefena ta danna waya har caji ya ƙare, ta dawo kallon hannuna, ƙarshe ita ke sakar min zaren. Suna dai an yi ba ni.

Wa irin haka ta taɓa samu, kuma da me ya kashe lokacin? Sannan watan gobe zan je Ingila wajen 'yata, ana barin mutum ya shiga jirgi da kayan saƙa a can?

Hajiya Balaraba, Kantin Kwari

Sannu Maman Ilham, ke ai kin kwana a ɗakinki. Ni tawa a Istanbul ta same ni, ranar 24 ga Janairun 2022, na gama sarin kayan yara a Laleli zan dawo. Dusar ƙanƙara da nake ji a baki, ranar gani ya kori ji. Muna zaune ta gilashi muna kallon jiragen suna komawa farare, har tayoyinsu suka nutse. Aka rufe filin baki ɗaya. Hanyar komawa gari ma ta toshe, motoci sun maƙale a kan titi, babu batun otal. Duk wanda ya samu kwali ya shimfiɗa ya zama mai katifa. Na yi jam'i da ƙasaru, na ci dambun naman da na yi guzuri, na zauna zugum abin duniya ya ishe ni.

Akwai wata tsohuwa Baturkiya a gabana, tunda muka zauna hannunta bai huta ba. Abin da ya ja hankalina, zaren ta bayan wuyanta ta zagayo da shi ya sauko gaba, da babban yatsa kawai take ɗan tura shi kan tsinken, ko kallon aikin ba ta yi. Ni kuwa rabona da saƙa tun darasin aikin hannu a makarantar kwana. Amma a jakata akwai zare ƙulli huɗu da wata ta ba ni sautu, na sayo a Kurkucu Han, kasuwar zarensu. Na ciro ɗaya na nuna mata. Ta shafa, ta gyaɗa kai, ta zaro wasu tsinkaye biyu ta miƙo min.

Ba ta jin Turanci, ba na jin Turkanci. In na yi kuskure sai ta ɗan bugi bayan hannuna kamar yadda Inna ke yi mana, ta warware layin, ta nuna min da yatsa in sake. Mayafina ya hana zaren zamewa a wuya, sai ta cire wani ɗan fil daga rigarta ta maƙala min a kafaɗa, zaren ya riƙa bi ta ciki. Dare biyu muka yi tare. Abin da na saƙa ban san sunansa ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi da kusan tafin hannu, autana ne ke naɗa shi a wuya in za shi makaranta da sanyi. Mai sautu kuwa ƙulli uku ta samu da ban haƙuri.

Abba, ɗan Fagge mazaunin Manchesta

Mama, ki taho da kayanki. Dokar Ingila ta yarda a shiga jirgi da tsinken saƙa a jakar hannu, almakashi ma an yarda in tsawon bakinsa bai wuce santimita 6 ba. Amurka ma sun yarda da tsinken. Sai dai ma'aikacin da ke kan na'ura shi ke da ta cewa ta ƙarshe, kuma ƙasar da za ki yada zango tana da nata tsarin. Na katako ko na roba bai cika jan ido ba.

Ga abin da na so a ce wani ya gaya min kafin Disambar 2022, lokacin da ƙanƙara ta sa aka rufe titin jirgi a Gatwick da Stansted, filayen jirgin Landan, nawa tikitin ya bi ruwa. In daga Ingila ko wata ƙasa ta Tarayyar Turai za ki tashi aka soke, dole kamfani ya ba ki zaɓi, ko kuɗinki ko wani jirgin. In kwana ya kama, abinci da masauki a wuyansu suke, ko da yanayi ne sanadi. Diyya ce kawai ba a biya in laifin yanayi ne. Ni ban sani ba, na kama ɗaki da kuɗina na yar da rasit. Duk abin da kika saya ki adana takardarsa.

Kuma in kin ga mota mai dogon wuya tana fesa wa fukafukan jirgi ruwa mai tururi, kada ki tsorata. Ƙanƙarar da ta daskare suke narkarwa, don ko kaɗan ce tana ɓata yadda iska ke ɗaga jirgin. Layin wannan wankan kaɗai kan ci awa guda.

Ummu Khalil, Sharaɗa

Ni an taɓa ƙwace nawa tsinken saƙar a wani zango kan hanyar dawowa daga umara. Na ƙarfe ne, rigar sanyin yaro ta kai hammata. Ina ji ina gani matar ta zare tsinken ta jefa a kwando, kafin mu sauka Kano rabin aikin ya warware a jaka. Yanzu kafin in fita gida sai in zura wani zare daban ta cikin duk madaukan layin ƙarshe in ɗaure, ko an zare tsinke aikina na nan. Yanke zare kuma da abin yankan farce nake yi. Ki sa man kaɗanya a ɗan ƙaramin gwangwani, hannun hunturu kama ulu yake yi kamar ƙaya.

Malam Sani, Hotoro

Hajiyoyi ku yi haƙuri, namiji zai sa baki. Ni hazon ba na jin haushinsa. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Tun kafin a haifi kakanninmu take zuwa daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, ba za ta fasa don an sa ranar suna ba. Direban jirgi kuwa in ya sauko wani mataki bai hango titi ba, dole ya sake ɗagawa sama ya nemi wani filin. Da a gwada sa'a da raina gara a bar ni a ƙasa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne zaman jiran gawon shanu. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗin hazo tun kafin ya iso, mu da ke gida ma muna ji a rediyo. To me zai hana kamfani ya gaya wa mutum gaskiya tun da safe? Bara wani kamfani ya ajiye mu daga hantsi har isha'i da "nan da awa ɗaya", ko ruwan leda ba su ba mu ba. Da sun faɗa da wuri da na bi Zariya na kai Kaduna, na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, na kwana Abuja. Tun daga nan in tafiyar ta dole ce a watan Disamba ko Janairu, ina sayen tikitin jirgin da zai tashi kwana biyu kafin ranar da ake buƙatata.

Ba na saƙa, amma ina ɗinkin hula, gadon gidanmu ne. Ranar nan kube ce a aljihuna da allura ɗaya. Sai da na cike gida shida na zanen kafin a sallame mu, wani Alhaji da ke gefena har ya taya ta ba a gama ba. Na ce masa ta makaranta ce, ba ta sayarwa ba, makarantar haƙuri.

Anti Zee, Tarauni

Malam Sani ya faɗi gaskiya, amma ku da ke da hannu biyu ne ke maganar saƙa. Ni da yara uku hazo ya tare ni, ƙullin zarena ƙwallo ya zama, ya bi ƙarƙashin kujeru har gaban wani soja. Shi ya naɗo min shi yana dariya. Mai tafiya da yara ta cika jaka da biskit da dabino, ta manta da kwarashi.

Maman Ilham, Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abba, Allah ya yi maka albarka, na rubuta batun rasit a bayan takardar fasfo. Ummu Khalil, gobe zan shiga Sabon Gari in nemi na katako. Hajiya Balaraba, wannan saƙa ta wuya sai na zo shago kin gwada min, in ba ki manta ba.

An mayar da ni jirgin Asabar. Yanzu na leƙa waje, ko hasumiyar masallacin unguwarmu ban hango ba, don haka na ƙara ƙulli biyu a jaka. Matar da ta riƙe min zare ma ta kira ni ɗazu, ita ma Asabar aka ba ta, wai in taho mata da kwarashi ɗaya.