Karatun addini a waya: ina iyakarsa ga ɗalibin jami'a?

Ɗalibi daga Aboabo:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuma tun da na koma ɗakin kwanan ɗalibai, zaman da nake yi gaban malaminmu bayan sallar asuba ya yanke, sai abin da na karanta a waya tsakanin lacca da lacca. Makon jiya na ja abokaina sallar la'asar, na yi mantuwa na ƙara raka'a, sai na yi ba'adi, wato sujadar rafkanuwa bayan sallama, kamar yadda aka biya mini a Ahalari, littafin fiƙihun Malikiyya. Ɗaya daga cikinsu ya ce na yi kuskure, domin ya karanta a intanet cewa sujadar rafkanuwa kafin sallama ake yin ta a kowane hali, har ya nuna mini rubutun. Malamai da manya, shin ya halatta mu dogara da irin wannan karatu, ko mu rabu da shi gaba ɗaya?

Malamin makaranta a Asawase:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sallarku ta yi, kuma abokinka bai ƙago ƙarya ba. Maganar mazhabar Shafi'i ya karanta ba tare da an gaya masa ta wane ne ba. Hanafawa kuma bayan sallama suke yin ta. Imamu Malik ya haɗa hadisan ne: a hadisin Ibn Buhaina Annabi (SAW) ya miƙe bai yi zaman tahiyar farko ba, sai ya yi sujada kafin sallama, a hadisin Zul-Yadaini kuwa ya sallame a raka'a biyu, ya cika, sannan ya yi sujada bayan sallama. Daga nan aka ce ragi ƙabli, ƙari ba'adi, kuma haka yake a Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira.

Matsalar waya ke nan a wurina: tana miƙa maka hukunci tsirara, babu sunan mazhaba, babu wanda zai dubi fuskarka ya gane ba ka fahimta ba. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wurin wa kuke karɓar addininku, kuma maganar tana cikin gabatarwar Sahihu Muslim.

Ɗaliba daga Tafo:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da bayaninku, amma ina roƙon a dubi halinmu mu mata. Yawancinmu makarantar Asabar da Lahadi kaɗai muka samu, mun fi iya karanta Turanci a kan Larabci, kuma akwai tambayoyin haila da tsarki waɗanda kunya ba za ta bari budurwa ta yi su a zaure cike da maza ba. Ni a waya na fara sanin bambancin jinin haila da na istihala, wato jinin ciwo. Abin da nake yi shi ne, ba na karɓar rubutun da babu sunan mai shi da littafin da ya ciro maganar, kuma idan abu ya shafi ingancin ibada, sai na kai wa malamarmu idan na je gida.

Malamin makaranta a Asawase:

'Yata, wannan hanya taki ba ni da ja a kanta, kuma laifin ƙarancin malamai mata namu ne, ba naku ba.

Ɗalibi daga Aboabo:

Na gode, Malam. Mun yi shawara da abokin nawa cewa ranar Asabar za mu shiga mota mu zo gida tare, ni da Ahalarina, shi kuma da wayarsa, mu biya babin rafkanuwa daga farko a gaban malaminmu.