Na'ura koyo take ko hadda?

Ɗan Aboabo: Jama'a, raina ya ɓaci. Ko'ina a Kumasi sai a ce na'ura ta yi hankali. Wane hankali? Hadda ce zalla. Ka ba ta hotuna dubu na 'ya'yan itacen koko, ta haddace masu ruɓa, shi ke nan.

Malamin Asawase: Ɗan'uwa, janye kalmar nan. Mahaddaci yana tilawa, yana jin inda ya yi tuntuɓe ya gyara. Kada ka zubar wa hadda mutunci.

Hajiyar Nima: Malam, ba haddar allo ake nufi ba. Haddar na'ura ita ce cutar da masu koya wa na'ura suke gudu. Shi ya sa ake raba hotunan: 800 a koya mata, 200 a ɓoye don jarrabawa. In ta ci na koyo ta faɗi na ɓoye, ta haddace. Inda ake kuskure, a ɗauki itace ɗaya hoto biyar, uku su shiga koyo, biyu jarrabawa. Sakamako ya yi kyau, alhali satar amsa ce. Gona-gona ake rabawa.

Ɗan Aboabo: Ko an raba da gona, Hajiya. Baƙin ruɓan nan na 'ya'yan koko da damina yake yawa, don haka hotunansa duk jiƙaƙƙen ganye ne. Sai ta kama ganyen ta bar ruɓan, hunturu na zuwa ta ruɗe. David Hume, Bature masanin falsafa, ya faɗa tun 1748: abin da ya saba faruwa ba hujja ce a kan gobe ba.

Malamin Asawase: Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, ya riga shi da misalin wuta da auduga: ganin auduga ta ƙone idan ta taɓa wuta ba hujja ce cewa wutar ce ta ƙona ta ba. Kuma har yanzu ba ka janye hadda ba.

Hajiyar Nima: Gazali a kan sababi ya yi magana, Malam, don ya tabbatar da ikon Allah. Manufarsu ba ɗaya ba ce.

Malamin Asawase: Ku mutanen Accra, duk abin da Bature bai sa hannu ba ba kwa karɓa.

Hajiyar Nima: Wa ya kawo Bature nan? Ba ɗan unguwarku ba?

Mai kula da zaure, Kumasi: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta, Gazali ya riga kowa, kuma an yi wa hadda rashin adalci. Ɗan Aboabo, muna jiran ka janye. Batun raba hotuna, Hajiya ta tura wa mai buƙata a gefe.