Ciwon gawut da naman Babbar Sallah

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce kumburin babban ɗan yatsan ƙafata ciwon gawut ne. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, shin dole in ƙaurace wa nama?

Amsa: Allah ya ba da lafiya, Malam. Hanta, ƙoda da sauran kayan ciki ya kamata ka bari, domin suna ƙara sinadarin yurik asid, wanda ke taruwa a gaɓɓai ya haddasa raɗaɗin. Tsoka kaɗan ba laifi.

Amsa: Lemon kwalba ma yana tayar da ciwon. Ka yawaita shan ruwa, musamman lokacin zafi, kuma nono marar maiƙo yana taimakawa.

Amsa: Kiyaye abinci kaɗai ba kasafai yake wadatarwa ba, Malam. Idan an rubuta maka allopurinol, maganin rage yurik asid, kada ka daina sha saboda ka ga ciwon ya lafa.