Ɗan jarida marar digiri na uku zai iya samun gurbin malamin ziyara?

Tsohon Ɗan Rahoto, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum, malamai da abokan aiki. Na shafe shekara 18 ina aikin jarida a nan Kaduna, na fara da ɗauko rahoto daga kotuna, yanzu kuma ina tace labarai a wani gidan rediyo. Ina da digiri na biyu, amma ban yi na uku ba. Na daɗe ina sha'awar koyar da ɗaliban da ke karatun gaba da digirin farko, musamman rubutun labari da binciken ƙwaƙwaf, ba tare da na ajiye aikina ba. Shin mutum irina zai iya samun gurbin malamin ziyara, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Malamar Jami'a, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Ya kamata mu fara bambance sunayen, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A tsarin jami'o'inmu, wanda ake kira malamin ziyara galibi malami ne da yake da kujera a wata jami'ar, wanda ya kai matsayin babban lakcara ko ya wuce, sai ya nemi izinin jami'arsa ya riƙa zuwa wata yana koyarwa. Akwai kuma mai hutun shekara guda, wanda yake tattarawa ya koma wata jami'ar har hutun ya ƙare. Kai ba ka cikin waɗannan biyun. Gurbin da ya dace da kai shi ne na malamin wucin gadi, wanda ake ɗaukowa daga cikin masu sana'ar domin ya koyar da darasi ɗaya ko biyu.

Batun digiri na uku kuwa, ba zan ɓoye maka ba, yana da nauyi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa tana duba yawan masu wannan digiri idan ta zo tantance sashe, saboda haka babu shugaban sashen da zai ba ka duba kundin binciken ɗalibin digiri na biyu, balle na uku. Inda kake da dama shi ne babbar difloma da ake yi bayan digirin farko, da kuma darussan aiki da hannu. A shekarar 2020 hukumar ta sanar da raba fannin sadarwa zuwa rassa daban-daban, ciki har da aikin jarida, da watsa shirye-shirye, da hulɗa da jama'a, da tallace-tallace, da fim, kuma wannan rabon ya ƙara buƙatar mutanen da suka san aikin a aikace. Shawarata ita ce ka rubuta wa shugaban sashe, ka haɗa da tarihin aikinka da samfurin rahotanni biyar ko shida da kake alfahari da su, sannan ka tsara abin da za ka koyar mako-mako na zango guda. Wannan tsarin darasin shi ne abin da masu nema suke mantawa da shi, alhali shi ne yake nuna cewa mutum ya yi shiri. Kana da Jami'ar Jihar Kaduna a cikin gari, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar kusan kilomita 80.

Baba Edita, Tudun Wada:

Dakta ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara ilimi. Ni na yi irin wannan koyarwa na zango uku a wata makaranta bayan na yi ritaya, kuma abin da zan ƙara maka, ɗana, shi ne kada ka taka aji sai takardar ɗauka tana hannunka, a rubuce da adadin alawus da lokacin biya. Ni da baki aka gayyace ni, na ji kunyar tambaya, sai da na yi wata bakwai ina zuba mai a mota daga aljihuna kafin na ga ko sisi. Hatta malaman ziyara na gaske sun sha wuya lokacin da aka sa jami'o'in tarayya cikin tsarin biyan albashi na bai ɗaya, domin tsarin bai yi tanadin mai karɓar kuɗi a wuri biyu ba, kuma yana cikin abubuwan da ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi ta kuka a kansu har zuwa yajin aikin wata takwas na 2022.

Abu na biyu, iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Makonni biyun farko na cika su da labaran abin da na gani a ɗakin labarai, ɗalibai suna ta dariya, a mako na uku sai na tarar guzurina ya ƙare. Daga nan na koma tura su kotun majistare da Kasuwar Barci su kawo labari mai kalma 300 kafin azahar, ni kuma in zauna da jan biro. Na sa kowannensu ya rubuta takardar neman bayani daga wata ma'aikata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, abin da yawancinsu ba su taɓa gwadawa ba duk da cewa wasu cikinsu ma'aikatan jarida ne. Gyaran waɗannan takardu shi ne ainihin aikin, kuma yana cin dare.

Ɗalibar Digiri na Biyu, Barnawa:

Ranka ya daɗe, mu dai muna maraba da irinku, musamman wanda zai koyar da rubuta labari da Hausa. A jihar da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, abin takaici ne a ce mun yi zango guda ba a sa mu rubuta labari ko ɗaya da Hausa ba, alhali gidajen rediyon da za su ɗauke mu da Hausa suka fi aiki. Roƙona ɗaya ne, a riƙa zuwa aji a kan lokaci, domin mun taɓa samun wanda labari yana ɓarkewa sai ya soke darasi.

Tsohon Ɗan Rahoto, Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai. Zan zauna a ƙarshen makon nan in tsara darasin, kuma zan sa rubutun labari da Hausa a ciki. Baba, idan har yanzu kana da jadawalin da ka yi amfani da shi, ina roƙon ka ba ni aro in duba.