Shin haɗin kan malamai a hannun shugaban makaranta yake?

Malamar lissafi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. Shekara 9 ke nan ina koyarwa a wata sakandare a nan Zariya. Tsohon firinsifal ɗinmu ya ware mana awa ɗaya duk ranar Laraba a cikin jadawali. Mu uku masu lissafi mukan zauna mu duba inda 'yan ajin ƙarshe suka fi tuntuɓe kafin jarrabawar WAEC, wanda ya fi iya wani babi ya nuna wa sauran. Da aka yi masa canjin wurin aiki, sabon ya cike awar da darasi. Yanzu sai gaisuwa kawai a ofishin malamai, kowa tasa ta fisshe shi. Wallahi abin yana damuna. Ku ma haka ne a wurinku?

Malamin firamare, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malama. Haka ne. Hedimastanmu kan zauna a bayan aji ya saurara, bayan an tashi ya kira ka ku biyu. Tunda ba ya kunyata kowa a gaban jama'a, sai muka saki jiki, har muna shiga ajin juna.

Mataimakin firinsifal, Samaru:
Malama, ki yi wa sabon uzuri. Idan malamai sun yi ƙaranci, aji ya cika maƙil, awar nan tsada take yi. Ku je ku ukun da sakamakon bara, ku roƙi ko minti 30 ne bayan azahar.

Malamar lissafi, Tudun Wada:
Na gode Malam. Gobe in sha Allahu zan tuntuɓi abokan aikina, mu same shi tare.