Gara ta kama mangwaron gidanmu, wa ya taɓa fama da ita?

Baban Amira, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda abin ya taɓa samu. Akwai mangwaro a tsakar gidanmu, mahaifinmu ne ya dasa shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Bara muka sare wata darbejiya da ke gefensa saboda saiwarta na tsaga katanga, muka bar kututturen a wurin. Tun shigowar hunturu na fara ganin jar ƙasa tana hawa jikin mangwaron. Na kankare da wuƙa, sai ga gara fara fat tana kai-kawo a ƙarƙashi. Kwana biyu ta sake gini har ya wuce tsayina. Sau biyu ina zuba fiya-fiya, a banza. Wallahi ba na son rasa bishiyar nan.

Maman Sadiq, Malali:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Haka ta yi wa gwabata shekara biyu da suka wuce. Na daka 'ya'yan darbejiya na jiƙa suka kwana, na riƙa kwarara ruwan a gindin, sannan na zagaye da tokar murhu. Ta ja baya sosai, amma gaskiya ba ta tafi gaba ɗaya ba, sai na yi ta maimaitawa duk mako. Abin da na lura da shi, lokacin da na daina ba gwabar ruwa da rani ne ta kama ta. Bishiyar da ƙishi ya galabaitar ita gara ta fi so. Ka riƙa ba shi ruwa, ko na alwala ne.

Malam mai katako, Panteka:
Baban Amira, bar mangwaron tukuna, koma kan kututturen. Shekara da shekaru ina harkar itace, mataccen itace shi ne abincin gara, kuma kai da kanka ka ajiye mata shi a gida. Samu taɓarya ka buga kututturen, ka buga gindin mangwaron. In ka ji sauti kamar ganga, ta cinye ciki. In ya amsa a toshe, da sauran rai. Ni dai a gidana sai da na kira masu diga biyu suka tono kututturen da manyan saiwoyinsa. Da muka juya shi, ƙasansa ya zama kamar soso, da yatsa kake murƙushe shi. Kada ka jinge itacen girki ko katako a jikin bishiyar.

Abban Khalifa, Rigasa:
Don Allah kada wanda ya ba ka shawarar baƙin mai. Na zuba galan guda a gindin lemuna, garar ta gudu, amma cikin wata biyu ganyen ya yi rawaya ya zube, lemun ya bushe. Har yau ko ciyawa ba ta fita a wurin. Ina tunawa raina yana ɓaci, don a shekarar ya fara 'ya'ya.

Wani ɗan'uwa, Mando:
Na yi karatu a kwalejin gandun daji ta Afaka, kuma na yi wannan aikin a gidanmu. Wadda kake gani a jikin bishiya ma'aikata ne da sojojin da ke gadinsu kawai. Gidansu na ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci ma a bayan katangar maƙwabci, a can sarauniya take zuba dubban ƙwai kullum. Fiya-fiya tana kashe wadda ta taɓa nan take, sai ta bi iska, gobe wasu su maye gurbi. Abin da ya yi min aiki maganin gara ne mai sinadarin fipronil, akwai kuma mai imidacloprid. Gara ba ta jin warinsa, tana ratsa ƙasar da aka jiƙa, ta kwasa a jikinta ta kai wa 'yan uwanta. Na haƙa kwari mai zurfin taƙi guda na zagaye bishiyar, na haɗa maganin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, na zuba na rufe. Kututturen kuma na huda shi da na'urar huji a wurare da yawa na ɗura. Sai da aka yi kusan mako uku kafin na daina ganin sabon gini, don haka sai da haƙuri.
Amma tambaya ɗaya: akwai rijiya a gidan? In tana kusa, kada ka zuba komai a ƙasa, tono ya fi. Sa safar hannu da takunkumi, ka killace kaji da yara. Kada kuma ka fesa a kan fure, yanzu mangwaro ke fure, zai kashe ƙudan zuma.

Alhaji manomi, Rigachikun:
Yaron nan ya faɗi gaskiya a kan sarauniya. A gonata suri muka fasa, mu huɗu, tun hantsi har la'asar. Can ƙasa muka sami wani dunƙulen yumɓu mai tauri, muka fasa da fartanya, ga ta kwance, fara, ta fi babban yatsana kauri, ba ta ko iya tafiya. Daga ranar surin ya mutu. Wanda zai fasa suri ya yi hattara, macizai na fakewa a ciki. Sai dai ni ban yarda a bi kowane suri da magani ba. Wanda ke nesa da itatuwana na ƙyale shi, don ƙasar wurin ta fi ko'ina ba da masara.

Maman Sadiq:
Alhaji, to ƙona kututture fa? Maƙwabcinmu ya tara garwashi a kan nasa.

Alhaji manomi:
Hajiya, a gona yana yi. A cikin gida ban ba da shawara ba. Wuta na bin saiwa ta ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki, tana iya dafa saiwar mangwaron ma.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buga da taɓarya kamar yadda Malam ya ce. Mangwaron a toshe ya amsa, alhamdulillahi, kututturen kuwa taɓaryar lumewa ta yi. Rijiyarmu taku 6 ce daga wurin, don haka na fasa zuba magani. Na yi magana da masu diga, ranar Asabar za su zo. Na kuma fara ba shi bokiti biyu kowace yamma. Ɗan'uwa na Mando, ramin da za a bari bayan tono, da ƙasar wurin zan cike shi ko in sayo sabuwa?